Ranar da Na'urar Makarantarmu Ta Yi wa Alƙali Kyauta

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da wasu da na yi shekaru ina koyar da su a aji, amma ranar da na tsuguna gaban wanda nake fatan ya zama surukina ina yi wa akwatin roba ɗan aike, wannan kam sai dai a binne ni da ita. Duk lokacin da jikokina suka buɗe darar Turawa a waya na ji ta yi ƙara, sai in ji gwiwoyina sun tuna kafin kaina ya tuna.

A farkon shekarun tamanin ne, ina koyar da Turanci a wata makarantar kwana ta maza a gefen Kazaure, ƙarƙashin duwatsun nan. Zamanin ne da kuɗin mai suka fi dabarar kashe su yawa. In makaranta ta nemi abu, ba a hana ta, sai dai a kawo mata wani abin daban. Mu famfon rijiya muka nemi a gyara mana. Bayan wani lokaci sai ga motar ɗan kwangila ta sauke mana injin yankan ciyawa, a filin da akuya ma sai ta yi bincike kafin ta sami abin gutsura, da kuma wani kwali mai nauyi da ba wanda ya san mene ne. Da yake rubutun jikinsa Turanci ne, aka ce ni zan buɗe.

Na'ura ce mai buga darar Turawa. Faifan wasa ne da 'ya'yansa farare da baƙaƙe, a gefe ga maɓallai kamar na kalkuleta, ga ɗan gilashi mai fito da jan rubutu. Ba ta da ido, ba ta da hannu. Kai za ka danna mata abin da abokin wasanta ya yi, ta yi ƙara ƙiit, ta rubuta amsarta, kai kuma ka ɗaga mata ɗan da ta ce ka ajiye inda ta ce. A cikin kwalin kuma akwai wasu ƙananan kaset guda uku, kowanne bai fi akwatin ashana babba ba, ana cusa ɗaya a kwiɓinta. Masu ƙera ta sun kira su littattafan buɗe wasa. Dalili kuwa, na'urar ta iya lissafi amma ba ta san yadda ake fara wasa ba, don haka aka tara mata yadda gwanaye suka saba farawa. Muddin wasa na bin abin da ke littafi, tana amsawa nan take kamar mai jan hadda. Littafi na ƙarewa, sai ta koma ga tunanin kanta. Wannan bayani na ƙarshe na karanta shi, na fassara wa mutane, na kuma wuce shi kamar yadda ake wuce gargaɗin jikin kwalbar magani.

Sai in faɗi halin da nake ciki a lokacin. Ina neman 'yar wani tsohon alƙali da ya yi aiki a Babura da Gwiwa kafin ya huta a gida. Ita malamar firamare ce a Roni, kuma tsakanina da ita magana ta ƙare. Kawunnaina sun je da goro, alƙali ya karɓa, ya yi godiya, ya ce za a duba. Wannan za a duba ta cinye damina ta shiga kaka. Mutanen gari suka ce in yi haƙuri, akwai rigimar gona da ya taɓa ɗagawa har masu gonar suka gaji suka ƙulla surukuta. Ni kuwa ina ta bin ƙa'ida. In na hango shi a bakin kasuwa sai in karya kwana in shige lungu, ko da lungun ba ya ɓullewa. In ba makawa, in cire takalmi tun daga nesa in durƙusa. Ban taɓa ganin fuskarsa sosai ba. Takalmansa kuwa ko a cikin dubu zan fitar da su.

Alƙalin nan ya yi karatu a Sudan yana saurayi, a can ya koyo wasan, yana kiransa shaɗaranji. Da shugaban makarantarmu ya ji haka, sai dabara ta faɗo masa. Ranar rabon kyaututtuka na tafe, alƙali ne babban baƙo, me zai hana a ga tsohon ilimi da sabon ilimi sun zauna wuri ɗaya gaban iyaye? Ya aika, alƙali ya amsa da wuri, abin da ya ɗan sosa mini rai, ganin ashe ya iya amsawa da wuri.

Shugaba ya kafa kwamitin zaɓen littafi. Mu huɗu ne: shi kansa, da malamin lissafi, wani Ba'indiye da ya daɗe a garin har yana cin goro yana ciniki da Hausar 'yan kasuwa, shi kaɗai a cikinmu ya iya wasan da gaske, da malamin Arabiyya, dattijo mai sanyin murya, sai ni.

"Sharuɗɗa biyu ne," in ji shugaba. "Kada na'ura ta ba makaranta kunya, kada kuma ta ba Malam kunya."

"Ranka ya daɗe," in ji malamin lissafi, "a wasan nan dole ɗaya ya ji kunya. Don haka aka ƙirƙiro shi."

"Shi ya sa na kafa kwamiti," in ji shugaba.

Muka fara da littafi na farko, wanda ya fi kowanne ƙunshiya, an cika shi da buɗewar manyan gwanayen duniya. Malamin Arabiyya ya zauna a madadin alƙalin, shi ne abokin wasanta, malamin lissafi na nuna masa abin da zai tura. Kafin in ɗauke yatsa daga maɓalli, ƙiit. Aka sake turawa, ƙiit. Aka sake, ƙiit.

Malamin Arabiyya ya ja da baya. "A'uzubillahi. Ko numfashi ban sauke ba. Wannan ai fitsara ce. Babba na magana kana mayarwa tun bai rufe baki ba? In Malam ya ji wannan, sai ya tambayi wa ya rene ta."

Shugaba ya so wannan littafi ƙwarai, don ya auna su a tafin hannu ya ce shi ya fi nauyi, ko da yake ni na auna ban ji bambanci ba. Muka nemi yadda za a kashe ƙarar, babu.

Littafi na biyu na masu tsaron gida ne. Na'ura ta ɗan tura dakarunta taki ɗaya ɗaya, ta ja sarkinta kusurwa, ta jera masa masu gadi, ta zauna. Malamin lissafi ya yi ta zagaya ta yana neman kafa tun hantsi har aka kira azahar, ba wanda ya ci ko ɗa ɗaya. Ya share zufa yana murmushi.

"Wannan shi ne nata," ya ce. "Ya dace da halinta. Ba ta son asara, shi kuma ba ya sa ta asara."

"Shinkafar baƙi fa?" in ji shugaba. "Iyaye su zo daga Yankwashi da Gwiwa su zauna a rana suna kallon abu ba ya motsi? Wannan ai muna da shi, famfon rijiya."

"Kuma a zo gaishe ka ka shige ɗaki ka ja ƙyaure," in ji malamin Arabiyya. "Bai kamata ba."

Sai na uku. Shi ne mafi ƙanƙantar ƙunshiya. Tun a taki na biyu na'ura ta turo dakare ɗaya gaba, ta ajiye shi a bakin abokin gaba, ba mai tsaronsa, ga shi nan a ɗauka. Fuskar malamin Arabiyya ta washe.

"Yauwa! Ga ɗan gidan mutunci. Bai zo gaban manya hannu rabbana ba."

Malamin lissafi ya tofar da tuƙar goro ta taga, ya ɗaga hannu. "Ku saurare ni da kyau. Mutanen da suka fara wannan buɗewar masu zafin zuciya ne. Suna ba da ɗaya don hanya ta buɗe su afka wa sarki. Su sun san dalilin da suka bayar. Ita wannan ba ta sani ba, hadda aka ba ta. Zuciyarta ta mai awo ce a kasuwa, mudu take gani. Littafi na ƙarewa za ta waiwaya ta ga dakarenta ɗaya babu, ta ce wa ya ɗauka?"

Magana ce mai kyau, na kuma ji ta da kunnuwana biyu. Amma ni lissafin da nake yi daban ne. Na'ura za ta fara da kyauta, ta shiga wasa da rashi, ta faɗi da mutunci, alƙali ya tashi da farin ciki, wanda ke cikin farin ciki kuwa wataƙila ya tuna da abin da ya ce za a duba. Shugaba na kan na farko, malamin lissafi na kan na biyu, malamin Arabiyya na kan na uku. Suka juyo gare ni.

"Kai ka raba gardama," in ji shugaba, "tunda kai za ka zauna gabansa."

"Ni, ranka ya daɗe?"

"Wa ya karanta bayaninta? Kuma dama ce na ba ka, ya gan ka kusa da kusa."

Na so in tuna masa cewa duk ƙoƙarina na damina da kaka shi ne kada ya gan ni kusa da kusa. Amma shugaba ya riga ya ɗauki kansa mai taimakon aure, irin wannan kuwa ba a tsayar da shi. Na ɗauki na uku na cusa.

Ranar ta zo. Aka kafa rumfa a fili, iyaye suka cika kujeru, ɗalibai suka yi dafifi a baya. Don na baya su bi wasan, malamin lissafi ya kafa allon aji can nesa ya zana faifai da alli, malamin Arabiyya kuma ya riƙe lasifika kusa da mu, duk abin da ya fito a gilashin na'ura ya karanta, malamin lissafi kuma ya zana a allo. Mun shirya tebur da kujeru biyu. Alƙali ya iso, ya dubi teburin, ya ce shi bai taɓa buga shaɗaranji a tsaye kamar mai sayen tikiti ba, a kawo darduma. Aka shimfiɗa, aka ɗora faifai a tsakiya, ya zauna ya harɗe.

To, ni ba zan hau darduma ɗaya da shi ba. Na tuɓe takalmi tun daga bakin rumfa, na tsuguna a kan yashi daf da gezar darduma, kai a sunkuye, na miƙa hannu iya tsawonsa. Abin da nake gani a duniya shi ne faifai, da gilashin na'ura, da bakin rigarsa.

Shugaba ya roƙe shi ya fara. "A'a," ya ce. "Yaro ke fara gaisuwa."

Na'ura ta tura dakaren gaban sarki. Ya tura nasa. Ƙiit. Na ɗauki dakare na biyu na ajiye shi a bakin nasa. Ya daɗe yana duban wurin.

"Wannan fa?"

"Allah ya gafarta Malam, 'yar gaisuwa ce," in ji shugaba.

"To, an gode. Allah ya yi albarka."

Ya ci, ya ajiye dakaren a gefen gwiwarsa. Na ji malamin Arabiyya ya sanar a lasifika, "Jama'a, an kawo gaisuwa, Malam ya karɓa." Iyaye suka yi ta madalla. Na ce a raina, ashe ni ma na iya siyasa.

Aka ɗan taɓa wasa kaɗan. Sai alƙali ya ɗauki dokinsa, ya tsallako da shi, ya tsayar da shi daidai bakin dakaren na'ura, inda ko ɗan aji ɗaya ya san za a ci.

"Ga tukwici," ya ce.

Har yau ban san ko da gaske yake ko gwaji yake ba, kuma ya rasu ban sami fuskar tambaya ba. Na danna. A karo na farko na'ura ta yi shiru. Gwanayen duniya da aka tara a littafin nan, duk cikinsu ba wanda aka taɓa ba tukwici, don haka nan littafi ya ƙare. Wata 'yar jar fitila ta shiga ƙiftawa.

"Yauwa," in ji alƙali. "Yanzu ta fara hankali."

Ta yi tunani kamar tsawon alwalar mai waswasi, sannan ta ce a ci doki. Na ɗauke shi daga faifai, sai ga ni riƙe da dokin alƙali a hannu, gaban iyaye da ɗalibai. Ina zan kai shi? In ajiye shi a gefena kamar ganima? A gidanmu, in babba ya miƙo maka abu, ba ka cafewa. Kakan ce a bar shi, shi kuma ya matsa, kai ka sake nokewa, ya rantse, sannan ka karɓa. Kafin in yi shawara da kaina, hannuwana biyu sun riga sun miƙa.

"Allah ya gafarta Malam, a bar shi, ai ba komai."

"Ka tabbata?"

"Wallahi ba komai."

"To, madalla."

Ya karɓa, ya mayar da shi gidansa na asali a layin baya, kusa da sarki, ya ɗan shafa kansa da yatsa. Ina tsugune ina jiran ya matsa mini. Bai matsa ba. Na manta da alƙali nake magana, mutumin da ya yi rayuwarsa yana kama mutane da abin da suka faɗa da bakinsu, ga rantsuwa kuma na ƙara masa a kai.

Na duba maɓallan nan ɗaya bayan ɗaya. Babu na kunya. A cikin na'ura doki ya mutu. A allon malamin lissafi an goge shi da tsumma. A kan darduma kuwa yana tsaye a barga lafiya lau. Malamin Arabiyya ya gani, amma a wurinsa abin da ya faru shi ne daidai, bai ga abin sanarwa ba. Na yi addu'a a raina kada Allah ya sa a bukaci dokin nan har a tashi.

Daga nan halin na'ura ya fito, daidai yadda malamin lissafi ya faɗa. Ta ci doki, amma bai goge mata zafin dakarenta ba. Ta sa ido a kan dakaren alƙali da ya karɓi gaisuwar, ta fito da giwa, ɗan wasan da ke tafiya a karkace, ta auna shi. Alƙali ya kawo masa mai gadi. Ta fito da waziri, wanda Turawa ke kira sarauniya, ta auna shi ta wani gefen. Ya ƙaro gadi, yana cewa, "Ɗan nan shi ya karɓo mana alheri, ba a bari a taɓa shi." Ta bar duk abin da ke faifai, ta yi ta kewaya dakare ɗaya kamar mai neman akuyarsa a garken maƙwabci. Shi kuma ya yi ta kwaso mutanensa daga gida yana jibgewa a wurin. Ni ne hannun da ke yin wannan naci. Duk takin da ta yi, sai in ji kamar ni ke ƙwanƙwasa ƙofarsa ina cewa a fito mini da goron kawunnaina.

Daga ƙarshe ta samu. Ƙiit. Na ɗaga dakarensa daga faifai. Wannan karon ban ce a bar shi ba, na cusa shi ƙarƙashin gwiwata.

Alƙali ya tafa hannu a hankali. "Ikon Allah. Ta ba ni ɗaya, ta biyo sawu ta ƙwaci ɗaya. To ina gaisuwar?"

Shugaba ya sami wani abin sha'awa a rufin rumfa ya tsura masa ido. Malamin Arabiyya ya kai lasifika baki, ya sauke, ya sake kaiwa, ya ce, "Jama'a, an ɗan sami akasi."

Saura kuma ba ta daɗe ba. Da yake mutanen alƙali duk sun tafi gadin dakare, gidan sarki ya zama kango. Na'ura ta shigo da giwa, ta biyo da waziri, ta dasa shi a gaban hancin sarki. Sai ta saki wani kiɗa da ban san tana da shi ba, siriri mai tsalle, irin na agogon 'yan gayu. Malamin lissafi ya zana taki na ƙarshe a allo ya jefar da alli sama. Ɗalibai suka ɓarke da ihu da tafi, makarantarsu ta ci. Ni kuwa na ga aurena ya tashi sama tare da allin nan.

Alƙali ya jira hayaniya ta lafa. Sannan ya miƙa hannu layin baya, ya ɗauko dokin nan da bai motsa ba tun da aka mayar da shi, ya yi masa tsalle ɗaya, ya ture waziri, ya zaunar da shi a wurin.

Dattawan da ke sahun gaba suka yi kabbara. Na baya na tafi, na gaba na kabbara, kowane ɓangare na ganin ɗayan bai fahimci wasa ba. Na danna takin, na'ura ta cika gilashinta da alamun tambaya, ta sake kiɗanta daga farko. Malamin lissafi ya ratso mutane a guje, farin alli har gira, ya tsaya a kan faifai ya buɗe baki.

"Wannan dokin ya mutu! Tun ɗazu ya mutu! Ni na goge shi da hannuna!"

"Ga shi kuwa yanzu ya ci waziri," in ji alƙali. "Zauna, Malam, a bi abin a hankali."

Ya gyara zaman rawaninsa, ya ɗora hannuwa a gwiwa. Waɗanda suka san shi a Babura suka ce da ganin wannan zama sun san an buɗe shari'a.

"Wa ya yi kyautar?"

"Littafi, ranka ya daɗe," in ji malamin lissafi.

"Wa ya biyo sawu ya ƙwace?"

"Na'ura. Ita ba ta san an yi kyauta ba."

"Ashe mutum biyu ne a akwati ɗaya, mai bayarwa da mai ƙwacewa, ba su kuma san juna ba. Wa ya haɗa su zama?"

Shugaba, wanda ya kafa kwamiti don irin wannan rana, ya nuna ni da leɓe.

"Kai ne ka ɗauki rigar mai kyauta ka zura wa marowaci?" in ji alƙali.

"Ni ne, Allah ya gafarta Malam."

"Don me?"

"Don kada ta zo gabanka hannu rabbana."

Ya yi gyaran murya. "Dokin fa, wa ya mayar? Littafi ko na'ura?"

"Babu wannan a littafi!" in ji malamin lissafi. "Babu a na'ura! Babu a duk duniya!"

"To ashe akwai na uku."

Sai ya yanke hukunci. Ya ce wasan da ke cikin akwati na'ura ta ci shi, ta riƙe abinta a can ciki, ba mai shiga ya karɓe mata. Wasan da ke kan darduma kuwa shi ya ci waziri, ga shaidu, kuma doki halalinsa ne tunda wanda aka ba ya mayar da bakinsa har da rantsuwa. Ya ce a kashe kiɗan nan. Na zare batir.

Daga nan na ji muryarsa ta sauko kaina, don bakin rigarsa ya juyo. "Na yi shekaru ina sauraron mutanen da suka shiga aure da littafin kawunnansu. Goro, gaisuwa, cire takalmi tun daga nesa, shiga lungun da ba ya ɓullewa." Ashe yana gani. "Littafi na ƙarewa sai su dawo gabana suna neman a mayar musu da kayansu, har sabulun da aka riga aka yi wanka da shi. Kai ban san inda naka zai ƙare ba. Amma yau na ga hannunka ya yi abu ɗaya da ba wanda ya rubuta masa."

Gaskiyar magana, wannan ma hadda ce, mahaifiyata ta ba ni ita da maburgi tun ina ƙarami. Amma ban ga dalilin gyara wa alƙali hukuncinsa a gaban jama'a ba.

Ya miƙe, aka jawo masa takalman nan da na sani. "An ba ka doki ka ƙi. Ka turo manyanka ranar Juma'a, mu ga ko wannan ma za ka ce a bar shi."

Bakina ya fara motsi da kansa, don abin da ya saba ke nan. Malamin Arabiyya ya sunkuyo ya raɗa mini, ya manta lasifika na bakinsa, sai duk filin makaranta har gindin duwatsu ya amsa: "Kai, kada ka ce a bar shi!"

Ban ce ba. Aka ɗaura aure bayan an gama girbin dawa. Uwargida har yau in an tayar da zancen takan ce ita ba tukwicin kowa ba ce, ta riga ta gama magana da mahaifinta ta bakin gwaggonta tun kafin ɗan kwangila ya sauke kwalinsa, tsohon yana neman inda zai sauka ne da girmansa, ni kuma na shimfiɗa masa. Ba na musu da ita. Na'ura kuwa, washegari malamin lissafi ya zare littafina ya cusa na biyu, na masu tsaron gida. Daga ranar ba ta sake yi wa kowa kyauta ba, ba ta kuma sake jin kunya ba, ta zauna a kusurwarta tana gajiyar da duk wanda ya zo, har ranar da batir irin nata ya ɓace a kasuwa. Famfon rijiya dai na bar makarantar ba a gyara shi ba.

Abin da ranar nan ta koya mini na yi amfani da shi a aji da a gida. Farkon kowa aro ne, wani ya koya masa yadda ake sallama da yadda ake miƙa hannu, kuma ba laifi. Amma in za ka zaɓa wa wani buɗewa, ɗalibi ne ko ɗa ko na'ura, ka duba halin wanda zai ci gaba da wasan bayan hadda ta ƙare, kada ka ɗora masa alherin da zai wayi gari yana neman a mayar masa. Na biyu kuwa ya fi sauƙi, kuma shi nake fara gaya wa samarin gidanmu in za su je gaban manya: kada ka ce a bar shi sai ka tabbata za ka iya rayuwa in an bari.